Akushin Sarki

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, har da mai cewa in ban yi rubutu yau ba za ta biyo ni gida. Zo mana, akwai wanke-wanke. Masu tsine wa Baffa Labaran kuma ku rage saura, yau ne za ku buƙace ta.

*

Tabawa ta fito daga madafa riƙe da akushin da hannu biyu, tururin tuwon acca na fita ta gefen faifai. Ruwan da aka wuni ana yi jiya ya ɗauke, ya bar sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, amma ita gumi take yi.

Tun asuba take kan murhu ita kaɗai, ba wanda ya taɓa mata ko ludayi. Haka al'adar gidan sarautar Barikin Datti take. In aka naɗa sabon sarki, sai a shigar da shi ɗakin lalle ya kwana bakwai, ba ya fita, ba ya magana da kowa, kuma ba ya cin abincin kowa sai na 'yar'uwarsa. Ita za ta dafa, ita za ta ɗanɗana a gaban fadawa, ita za ta ɗora akushin a ka tun daga zaure har ƙofar ɗakin. In ta ɗauka kuwa shi ke nan. Ba ta saukewa, ba ta waiwaye, ba ta amsa kira, ko da gidan ne ya kama da wuta. In ta kuskura ta waiga sai a zubar da tuwon, akushi ya bar hannunta har abada, ya koma gidan da ke biye a dangi.

Gidan da ke biye kuwa kun san shi. Gidan Baffa Labaran ne, ƙanin marigayi mahaifinta, wanda ya share shekara goma sha huɗu a Chadi yana fataucin fata, ko gaisuwa bai taɓa aikowa ba. Sai da ya ji rasuwar wansa ya kwaso jiki ya dawo neman rawani. Masu zaɓen sarki suka tsallake shi suka naɗa Usumanu, yayan Tabawa, saurayin da bai daɗe da gama makaranta a Kuru ba. Jiya aka yi naɗin, kuma tun jiyan Usumanu bai sa komai a cikinsa ba.

Zaure ya cika maƙil. Masu wankin kuza sun bar rami sun zo, 'yan kasuwa sun zo, har 'yan siyasar da suka addabi gari da lasifika a shekarar nan ta saba'in da tara sun sami gefe sun raɓe. A ƙofar fada akwai wata farar fijo da ta tsaya tun safe, gilasanta a rufe, ba wanda ya kula da ita.

Tabawa ta tuɓe takalmi ta shiga, ta durƙusa gaban Waziri Babayo, tsohon da ya yi wa sarakuna uku waziranci.

"Ranka ya daɗe, ga abincin Sarki."

"Sannu 'yar gidan nan. Buɗe ki ɗanɗana."

Ta kai hannu kan faifai ke nan.

"Dakata!"

Kai, mutumin nan! Ko sallama bai yi ba. Ya ratso mutane da babbar rigarsa mai aska takwas, yana baza hannu sai ka ce shi aka naɗa.

Waziri ya ɗago. "Lafiya, Labaran?"

"Lafiyar ke nan. Tambaya gare ni, kuma a gaban jama'a nake son amsa. Wa ke ɗaukar akushi a gidan nan?"

"Ka sani, na sani. 'Yar'uwar Sarki."

"To, wannan wace ce?"

Aka yi dariya a bayan zaure, an ɗauka wasa yake. Tabawa ba ta yi ba. Ta san idon Baffa, tun ranar da ya dawo yake binta da wannan kallon, kamar mai duban akuya a kasuwa.

Ta ce, "Baffa, ni ce Tabawa. In an manta ni a Chadi, to a nan ba a manta ba."

"Rufe min baki, fitsararriya! Ɗago fuskarki jama'a su gani."

Ta ɗago. Ba ta ɗago don ya ce ba, dama can ita ba mai sunkuyar da kai ba ce.

Baffa ya nuna kuncinsa na hagu, inda tsagar gidan take, bille ɗaya daga gefen hanci zuwa kumatu.

"Duk ɗan da aka haifa a zuriyar Datti yana da wannan. Ni ina da shi, marigayi yana da shi, Usumanu yana da shi, 'yata Ladi tana da shi. Ina nata?"

Tabawa ta saki numfashi. Ashe wannan ce maganar? Ai tun tana firamare yara ke tsokanarta da ita.

"Ba ni da lafiya aka haife ni, shi ya sa wanzami bai taɓa ni ba. Kowa ya sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Innata."

"To Innarki ta yi miki ƙarya."

Zaure ya ɗauki salati.

Baffa ya juya ga Waziri, ya sassauta murya, irin sassautawar da ta fi tsawa ciwo.

"Waziri, lokacin ba ku san su ba, Yaya bai hau sarauta ba, suna zaune a gidanmu na unguwar Ali Kazaure cikin gari. Ni ina wurin ranar sunan Tabawa. A kan cinyar nan tawa aka kwantar da ita. Ni na riƙe kanta wanzami ya yi mata bille, jininta ya ɓata min farar riga, har Yaya ya yi min dariya. Bayan sati biyu na tafi Chadi. Yanzu na dawo na tarar da yarinya fuska sumul kamar ƙwai, an ce wai ita ce Tabawa. Jama'a, bille yana gogewa?"

Kowa ya san ba ya gogewa.

"Tsintacciyar mage ba ta mage. Ba za a ɗauki ran sarkinmu a damƙa wa wadda ba a san asalinta ba. A ba Ladi akushi."

Ran sarkinmu wai! Ku ji fa. Mutumin da jiya-jiyan nan ya ƙi miƙa wa yaron hannu a wurin naɗi.

Hannun Tabawa na kan faifai har yanzu. Ba ta janye shi ba.

"Ranka ya daɗe," ta ce da Waziri, "a kira Inna."

Ba a ma kai ga aikawa ba. Inna Hadijatu na bayan labulen ƙofar cikin gida, inda mata suka taru, ta ji komai. Ta ɗaga labulen ta fito cikin mayafin takaba. Matar da tunda aka kawo ta gidan nan ba a taɓa ganin ƙafarta a zaure ba. Maza suka sunkuyar da kai.

Tabawa ta dube ta tana jiran ta ce ƙarya ne. Kalma ɗaya kawai take jira.

Inna ba ta dube ta ba. Ƙasa take kallo.



"Inna?"

"Hadijatu," in ji Waziri, "kin ji abin da ƙanin mijinki ya faɗa. Kina cikin takaba, ba a so a wahalar da ke. Amma Sarki na ciki da yunwa."

Baffa ya ce, "Ta faɗi gaskiya, in ba haka ba ina da shaida, kuma ba ta da nisa."

Inna ta zauna a bakin tabarma.

"Ba sai ka kawo shaida ba, Labaran. Abin da ka faɗa haka yake. An yi wa Tabawa bille a cinyarka."

Wata mata ta saki ƙara a bayan labule.

"Tabawar da ka riƙe tana maƙabarta. Shekararta ɗaya da rabi ƙyanda ta ɗauke ta, a satin da garin nan ya hargitse, shekarar sittin da shida. Waɗanda suka ga lokacin sun san abin da nake nufi, ba sai na faɗa ba."

Tsofaffin zaure suka sunkuyar da kai don kunya. Sun sani.

"Muna da maƙwabciya, katanga ɗaya ta raba mu, Ekwutosi, 'yar ƙabilar Ibo, mai ɗinki. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Wata ɗaya muka haihu ni da ita. Tare muke wanka, tare muke shan kunun kanwa, tare 'ya'yanmu suka kamu da ƙyandar. Tawa ta cika da asuba. Malam mijina da limamin unguwa suka kai ta su biyu, don ba mai iya fita. Ina zaune nono na zuba a rigata, sai na ji ana kirana ta kan katanga."

Inna ta gyara mayafi ta ci gaba.

"Za su gudu tasha. Yarinyarta jiki kamar garwashi, ido a rufe. Ta ce, Hadiza, in na shiga jirgi da ita a haka, gawa zan sauke. Ta miƙo min ita ta kan katanga. Ta ce ajiya ce, za ta dawo."

"Ta dawo?" in ji Waziri.

"Aka yi yaƙi. Muka yi cigiya har muka gaji. Daga baya wani da ya dawo daga ƙasar Ibo ya ce mijin ya mutu, ita ma ba a ga ko mai kama da ita ba. Malam ya ce, Allah ya karɓi ɗaya ya ba mu ɗaya, wanda ya sake ta da maganar nan bai yafe ba. Da aka ba shi sarauta muka taso nan da ita a bayana. Shi ke nan."

Shi ke nan, in ji Inna. Ni kuwa da nake rubutawa sai da na ajiye waya na share ido.

Tabawa na durƙushe inda take. Kunnuwanta na ƙara kamar injin wankin kuza. Duk zauren ita ake kallo, wasu da tausayi, wasu kuma da irin kallon nan na "dama na faɗa, hancin nan ba na gidan ba ne". Munafukai, da can ba su ga hancin ba.

Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Yaya ya sani?"

"Yana da shekara takwas. Shi ya karɓe ki daga hannuna na gyara zane."

"Sunan ma ba nawa ba ne?"

Sai a lokacin Inna ta dube ta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ita shekara ɗaya da rabi ta amsa shi. Ke shekara goma sha uku kina amsawa. Ki faɗa min na wa ne."

Baffa ya tafa hannu. "To, alhamdu lillahi! Ramin ƙarya ƙurarre ne. Jama'a kun ji da kunnenku. Ba jininmu ba ce, ba ma yarenmu ba ce. Ladi! Ina Ladi? Zo ki ɗauki akushi."

Ladi ta fito daga bayan labule tana jan ƙafa, baiwar Allah, ita kanta ba ta so. Ta tsaya gaban Tabawa ta kasa miƙa hannu.

Tabawa ta share fuskarta da bakin ɗankwali, sau ɗaya. Kukan yana nan, amma ta ce masa ya jira, yanzu ba lokacinsa ba ne. Yaya na ciki da yunwa, kuma in akushin nan ya shiga gidan Baffa, Allah kaɗai ya san abin da zai fito a cikinsa.

Ta ɗora ɗaya hannun ma a kan faifai.

"Ladi, koma. Ba da ke nake ba."

"Ke!" in ji Baffa. "Har yanzu kina da bakin magana?"

"Ina da shi, Baffa. A gidan nan na koye shi."

Ta juya ga mahaifiyarta.

"Inna, tambaya ɗaya. Da aka miƙo ni ta katanga, me kika ba ni?"

Inna ta ɗago kai.

"Me zan ba ki? Nono na ba ki. Kwana biyu kina ƙi, ran na uku kika kama kamar za ki cinye ni."

"Har yaushe?"

"Har na yaye ki da hannuna. Sai da na shafa maɗaci sau uku, don taurin kanki ba yau ya fara ba."

Wani ya yi dariya a cikin hawaye.

"Nonon da Yaya ya sha?"

"Ina da wani ne?"

Tabawa ta gyara durƙuso ta fuskanci Waziri. Yarinyar da ta tashi a gefen buzun mahaifinta tana zuba masa shayi tana sauraron shari'a, ai ba a banza ta zauna ba.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon arziki. A gaya wa jama'a dalilin da ya sa aka fara al'adar akushi. Baba ya sha ba ni labarin, amma bakinka ya fi nawa nauyi."

Baffa ya ce, "Wane irin ɓata lokaci ne wannan?"

Waziri bai ko kalle shi ba. Ya shafa gemu, kuma na rantse akwai ɗan murmushi a ƙarƙashin gemun.

"Zamanin Datti ne, kakanku, wanda ya tara leburorin kuza ya kafa barikin nan. Da aka naɗa shi ya shiga lalle, sai aka kawo masa fura daga gidan ɗan'uwansa. Uba ɗaya suke, uwa kowa da tasa. Allah ya sa ya zuba wa kare kafin ya sha. Karen bai kai la'asar ba."

"Ɗan'uwan nan," in ji Tabawa, "yana da bille?"

"Irin na Datti sak."

"Jininsu ɗaya?"

"Jini ɗaya."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai mahaifiyar Datti ta fito zauren nan, kamar yadda Hadijatu ta fito yau. Ta ce daga yau ɗanta ba zai ƙara cin abincin kowa a lalle ba sai na wadda ta sha nonon da ya sha. Ta ce masu jini ɗaya gado suke rabawa, shi ya sa suke kashe juna. Masu nono ɗaya kuwa uwa suke rabawa, kuma ba mai son ya ga uwarsa na kuka. Ta ɗauko akushin nan da ke gabanki ta ba 'yarta."

Tabawa ta miƙe tsaye. Ba a miƙewa a gaban Waziri sai ya ba da izini, amma ranar ba wanda ya tuna.

"Jama'a kun ji. Ni yau na san ba a haife ni a gidan nan ba, kuma wallahi ya yi min ciwo, ban san ranar da zai daina ba. Amma akushin nan ba don masu bille aka ajiye shi ba. Saboda mai bille aka ƙirƙiro shi."

Zaure ya ɗauki guna-guni.

"Baffa, Ladi 'yar'uwata ce, ina sonta. Ta sha nonon Inna?"

Baffa ya kau da kai.

"Baffa, da kai nake. Ta sha?"

"Ni za ki titsiye, 'yar..."

"Kul!" Waziri ya daka tsawa, har rawaninsa ya motsa. "Kul, Labaran! A zauren yayanka kake."

Ya waiga gefen da Liman ke zaune da carbi. "Allah gafarta Malam, me littafi ya ce?"

Liman ya yi gyaran murya. "Ai wannan ba ta da wahala. Yarinyar da ta sha nonon mace tun ba ta cika shekara biyu ba, ta ƙoshi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, 'yarta ce. Ɗan wannan matar kuwa yayanta ne, aure ya haramta a tsakaninsu har abada. Abin da haihuwa ta haramta, shayarwa ta haramta shi."

"To, addini ya faɗa, al'ada ta faɗa." Waziri ya nuna akushin da sandarsa. "'Yar gidan nan, buɗe ki ɗanɗana. Tuwo na hucewa."

Wayyo daɗi! Guɗa ta tashi a bayan labule, wata tsohuwa har da rawa. Ladi ta ruga ciki da gudu kamar wadda aka sauke wa dutse.

Tabawa ta ɗaga faifai, ta gutsuri tuwo, ta dangwali miyar kuka, ta kai baki a gaban kowa. Ta tauna a hankali, idonta cikin na Baffa. Ta haɗiye. Ta buɗe tafin hannu ta nuna wa fadawa.

"Lafiya lau," in ji Waziri. "Kin san sharaɗi?"

"Na sani."

"Faɗa, don kada a ce ba a gaya miki ba."

"Ba saukewa, ba waiwaye, ba amsa kira."

"Ko wa ya kira?"

"Ko wa ya kira."

Inna ta taso da kanta ta naɗa mata gammo. Ta ɗora akushin a kanta, ta raɗa mata a kunne, "Ki yafe min."

"Sai na dawo, Inna. Ni da ke muna da zance."

Ta juya ta fuskanci ƙofar cikin gida. Aka yaye labule, mata suka dare gida biyu. Daga nan ana hango ɗakin lalle a can ƙarshen tsakar gida, da sabon asabari a ƙofarsa. Ƙasa ta jiƙe da ruwan jiya, jar lakar nan mai santsi, sai an taka da hankali.

Ta ɗaga ƙafa ta fita daga zaure.

Ku kuna tsammanin Baffa ya haƙura ko? Haba! Ni tun da na ga bai fice cikin fushi ba na san akwai wata a ƙasa. Tsayawa ya yi yana gyara hannun riga, yana kallon bayanta, sai da ya tabbatar ta yi nisan da ba ta da damar fasawa. Sannan ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Waziri, na karɓi hukunci. Sai dai na ce ina da shaida, kuma bai kamata a bar baƙuwa a mota tun safe ba. Makon jiya ta ƙwanƙwasa min ƙofa a Ali Kazaure tana cigiyar ajiyarta, na sama mata masauki a unguwar Congo-Russia. Direba! Buɗe mata."

Tabawa ta ji ƙarar ƙofar mota. Ta ji takun wani takalmi, ƙwas, ƙwas, ba irin na matan gidan ba.

Sai ta ji muryar Inna, wata irin murya da ba ta taɓa ji ba.

"Innalillahi... Ekwutosi? Ke ce? Kina da rai?"

"Hadiza." Muryar baƙuwar a dishe take, Hausarta a karye, ta kwana biyu ba a taɓa ta ba. "Hadiza, na dawo. Na ce zan dawo. Ina yaro na?"

Akushin ya yi wa Tabawa nauyi kamar an ɗora mata buhun kuza.

Ba ta tsaya ba. Ta ƙara taku. Matan da ke gefe sun daina guɗa, duk sun zuba ido bayanta, wasu sun toshe baki. Ita kaɗai ce a duk gidan ba ta da ikon ganin abin da kowa ke gani.

"Ga ta can," in ji Baffa, da muryar mai taimako. "Mai akushi a ka. Kira ta mana, Madam. 'Yarki ce, wa zai hana ki?"

"Labaran, ka ji tsoron Allah!" in ji Waziri. "Baiwar Allah, dakata, kada ki kira ta yanzu, bari ta..."

Ina! Uwar da ta yi shekara goma sha uku tana jira, wa zai ce mata dakata ta ji?

"Ngozika!"

Sunan ya ratsa tsakar gida ya daki bayan Tabawa. Ba ta taɓa jin sa ba, amma tsigar jikinta ta tashi tun daga ƙafa har wuya.

Ta cije leɓe. Ba ni ba ce, ta ce a ranta. Ni Tabawa ce. Ga asabari can, ga Yaya a bayansa. Har tana iya ganin yatsun ƙafarsa ta ƙarƙashin asabarin, ya taso ya tsaya a bakin ƙofa, ba shi da ikon fitowa, ba shi da ikon cewa uffan.

"Ngozika, nwa m, yaro na! Juya in gan fuska naka. Sau ɗaya kawai!"

"Kada ki waiga!" Inna ce, tana kuka tana faɗa. "Tabawa, kada ki... wayyo Allah, Ekwutosi, yi haƙuri, yanzu za ta dawo!"

Hawaye na zuba a fuskar Tabawa, ba hannun sharewa, duka biyun na riƙe da akushi. Ta ci gaba. Laka na kama mata ƙafa tana fizgewa. Baffa ya yi kaɗan, ta ce a ranta. Ya kawo duk Ibon duniya su kira, sai ta kai tuwon nan.

Saura ƙiris ta isa.

Sai kiran ya tsaya.

A madadinsa wani abu ya taso daga bakin zaure, a hankali, cikin muryar da kuka ya shaƙe. Waƙa ce. Waƙar reno.

Tabawa ta san ta.

Ita ce wadda Inna ke yi mata da hanci duk ranar da zazzaɓi ya kama ta, tana jijjiga ta a cinya. Ba ta da kalmomi, sai amo kawai. Sau nawa ta ce, "Inna, wai me waƙar nan ke cewa?" Inna ta ce, "Na manta, a wurin wata maƙwabciya na tsince ta."

Yau ga ta da kalmominta, cikakkiya, daga bakin mai ita.

Ƙafar Tabawa ta tsaya cak.

Hannun Usumanu ya fito ta gefen asabari, a buɗe, yana jiran akushi. Tsakanin yatsunsa da ita bai fi a miƙa hannu ba.

A bayanta waƙar ta karye a tsakiya, aka ji faɗuwar mutum a ƙasa, tim!

Mata suka kwashe da salati.

"Ta faɗi! Jama'a ku kawo ruwa, ba ta numfashi!"

Wuyan Tabawa ya soma juyawa.